Filayen Wasannin Jami'ar Ahmadu Bello: Tarihin da Muka Bari a Baki

Duk lokacin da aka tashi rubuta tarihin wata makaranta a ƙasar nan, abin da aka saba shi ne a jero sunayen shugabannin da suka riƙe ta, a faɗi shekarar da aka aza harsashin ɗakin karatu, a kawo manyan mutanen da ta yaye, shi ke nan sai a rufe littafi. In ma an tuna da filin wasa, to layi biyu ne a can ƙarshe, kusa da bayanin ɗakin girki. A ganina wannan ba ƙaramar tauyewa ba ce, domin kuwa da yawa daga cikin tsofaffin ɗalibai, in ka tambaye su abin da ya fi tsaya musu a rai game da makarantarsu, fili za su fara ambata kafin aji. Dalili ke nan da ya sa na ga ya dace in yi wa 'yan'uwana marubuta ɗan tsokaci a kan filayen wasanni na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, in haɗa abin da tarihi ya tabbatar da abin da idona ya gani, sa'an nan in faɗi abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya game da namu filayen a nan arewacin Zamfara.

Ni dai malamin sakandare ne, haifaffen Gurbin Bore ta ƙasar Zurmi. Na yi difloma ta koyarwa a Zariya a farkon shekarun 2000, kuma tun da na kama aiki, duk makarantar da aka kai ni sai a ɗora mini aikin malamin wasanni a kan darasin da nake koyarwa, saboda kawai an ji na taɓa zama a Samaru. Saboda haka mai karatu ya ɗauki maganata a matsayin ta mai riƙe da usur, wanda ya sha rana a bakin fili.

Tsakaninmu da Zariya tsohuwar hanya ce. Layin dogon da ya taso daga can ya biyo ta Funtuwa da Gusau, ya zo ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka riƙa bin sa zuwa kudu, daga baya 'yan makaranta suka bi sahu. Yau kuwa in ka shiga mota daga Gusau, ka wuce Funtuwa da Giwa da Shika, katangar jami'ar ce za ta fara tarbar ka a Samaru tun kafin ka kai cikin gari. Da yawa daga cikin malaman makarantun yankinmu can suka sha karatu, kuma abin da muka sani na tsara fili da shirya gasa, daga can muka ɗebo shi. Ashe ke nan tarihin filayen Samaru ya shafe mu kai tsaye.

Wanda yake son fahimtar waɗannan filaye, sai ya ɗan koma baya, zuwa Kwalejin Katsina da aka yi bikin buɗewa a 1922. Turawan da suka koyar a can sun zo da tsarin makarantun kwana na Ingila, inda wasan yamma yake dole kamar yadda darasin lissafi yake dole. Cikin wasannin da suka kawo akwai kurket da ƙwallon ƙafa, akwai kuma wani da ake kira fayif, wanda ake danganta shigowarsa ga wani malami Bature mai suna Hogben a shekarun 1920. Shi fayif asalinsa makarantar Iton ce ta Ingila. Ana yin sa ne a wani ɗan ɗaki mai bango uku, mutum biyu da mutum biyu, ana dukan ƙwallo da tafin hannu ta bugi bango ta dawo. Wasa ne da bai buƙatar komai sai bango da ƙwallo ɗaya, shi ya sa ya yi saurin kama ƙasa a Katsina da Birnin Kebbi da Sakkwato. Ahmadu Bello ya shiga wannan kwaleji a 1926 ya fita a 1931, kuma ya yi suna a fayif, bai daina buga shi ba har ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Da sunansa ne ma aka sanya wa babbar gasar wasan, wato Kofin Sardauna. Ita kuwa kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta sake tasowa zuwa Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau.

Abin lura a nan shi ne, mutanen da suka riƙe Arewa a lokacin samun mulkin kai, yawancinsu 'ya'yan wannan tarbiyya ne. A wurinsu makaranta ba ta cika makaranta ba sai da fili. Don haka da aka buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba 1962, Sardauna yana uban jami'a na farko, Norman Alexander mutumin Niyu Zilan yana shugabanta, ba a tsaya gardamar ko wasa yana da gurbi ba. Jami'ar ta fara ne da ɗalibai 400 da 'yan kai, ta gaji harabar tsohuwar Kwalejin Nijeriya da ta soma aiki a Zariya a 1952, da Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, da tashar binciken aikin gona ta Samaru. Babban abin da ta gada shi ne yalwar ƙasa. Waɗanda suka tsara harabar sun bar sarari mai faɗi a tsakanin ɗakunan kwanan ɗalibai da azuzuwa, kuma wannan sarari shi ne jarin da duk wani gini na wasanni da ya biyo baya ya tsaya a kansa. Da sun cike shi da gini tun farko, da babu kuɗin da zai sayo shi daga baya.

Shekara huɗu da buɗe jami'ar, a 1966, aka soma gasar wasannin jami'o'in Nijeriya da aka fi sani da NUGA, a Ibadan. Jami'o'i biyar ne a ƙasar a lokacin: Ibadan da Nsukka da Legas da Ife da Zariya, wato ita kaɗai ce daga Arewa. Shekarar nan dai kowa ya san abin da ta zo da shi. A watan Janairunta aka kashe Sardauna, a shekarar da ta biyo aka shiga yaƙin basasa, ba a ajiye makamai ba sai Janairun 1970. Shekara biyu kacal bayan haka, a 1972, Zariya ta karɓi baƙuncin gasar a karon farko, a zamanin Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'ar. A 1974 kuma gasar ta tafi Nsukka, jami'ar da yaƙin ya ɗaiɗaita. Mai karatu ya auna da kansa abin da wannan yake nufi ga samarin wancan lokaci, waɗanda jiya-jiya ake nuna musu juna a matsayin abokan gaba, yau ga su a layi ɗaya suna jiran usur. Irin wannan tunani ne ya sa gwamnatin Janar Gawon ta ƙirƙiro bikin wasanni na ƙasa a 1973, wanda Kaduna ta karɓi baƙuncinsa a 1977.

Zariya ta sake karɓar NUGA a 1982, zamanin Farfesa Ango Abdullahi, sai kuma karo na uku a 2001, zamanin Farfesa Abdullahi Mahadi. A Arewa, Jami'ar Bayero ta Kano ta karɓa a 1997, ta Maiduguri kuma a 2007. Waɗannan shekaru suna da muhimmanci ga mai bin tarihin gine-gine, domin jami'a ba ta karɓar irin wannan gasa da hannu biyu kawai. Sai tana da filin gudu na mita 400, da filin ƙwallon ƙafa, da filayen ƙwallon kwando da na raga da na hannu da na tanis, da rufaffen zaure, da wurin ninƙaya, ga masaukin dubban baƙi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma kafin raɓar ta sauka sai an share gida. Kusan duk jami'o'inmu haka filayensu suka samu: a yi shekaru ana lallaɓawa, in gasa ta matso kuɗi su fito, a yi gini, a yi fenti. A Samaru ko a bakin ɗalibai kana jin wannan hawa-hawa na tarihi, domin za ka ji ana cewa a haɗu a tsohon jim, ko kuwa a sabon jim.

Wannan kalma ta jim, wato zauren motsa jiki, tana da dogon asali. Daga mutanen Girka na da ta fito. Su a wurinsu wuri ne da samari suke zuwa su yi kokawa da gudu, kuma a nan ne malamai suke zama su koyar. Makarantar Aflatun da ta Aristotal duk a irin waɗannan wurare suka tashi a birnin Atina, wato tun asali filin wasa da zauren karatu gida ɗaya suka fito. Rufaffen zaure irin na yau kuwa sanyi ne ya haife shi. A 1891 wani malami mai suna James Naismith, a wata kwaleji da ke garin Springfield na Amurka, ya rasa abin da zai ba ɗalibansa su yi a lokacin da ƙanƙara ta hana fita, sai ya rataya kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace a bangon zaure, ya ce a jefa ƙwallo ciki. Mafarin ƙwallon kwando ke nan.

To mu da ba mu da ƙanƙara, me ya kai mu gina zaure? Wanda ya zauna a Zariya ya san amsa. Damina a can takan ɗauki kusan wata biyar, kuma ruwan yamma ne, daidai lokacin wasa. In ta wuce sai hunturu ya shigo da iska da ƙura, wasa irin badminton da ƙwallon tebur ba su yiwuwa a sarari, iska za ta kwashe ƙwallon. Masu judo da takwando suna buƙatar shimfiɗa mai taushi wadda rana da ruwa ba za su ci ba. Daɓen katako kuma yana saukaka wa gwiwar mai tsalle, saɓanin siminti. Daɗin daɗawa, akwai wani amfani da ya fi shafar mu a nan Arewa: ɗaliba mace da ba za ta yarda ta yi gudu a gaban taron maza ba, iyayenta ma ba za su yarda ba, in aka keɓe mata lokaci a rufaffen zaure tare da malama mace, za ta motsa jikinta cikin sutura da mutunci. Na ga haka da idona, kuma tun daga nan na daina kallon zaure a matsayin ƙawa.

Sai dai gini abu ne mai ci, kullum yana neman a ba shi. Tun daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, duk jami'o'in ƙasar nan suka shiga matsi. Ƙwallo da raga da takalmin gudu da maganin tsabtace ruwan ninƙaya duk daga waje ake sayo su, kuma in aljihu ya ƙone, kasafin wasanni ake fara yankewa. Yajin aikin malamai na 1992 da 1996 da waɗanda suka biyo baya su ma sun riƙa wargaza jadawali. Gasar da aka tsara a riƙa yi duk bayan shekara biyu, sai ga shi an yi ta a Makurɗi a 2017, ba a sake ba sai 2022 a Legas. Ko babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere, wanda ya karɓi wasannin Afirka a 1973, kowa ya san yadda ya yi shekaru yana lalacewa. Abin tambaya shi ne, a cikin irin wannan hali, me ya riƙe filayen Samaru da rai?

Ina can aka yi gasar 2001, kuma ba zan manta da ita ba. An yi wa ko'ina kwalliya, an shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa, tutoci suna kaɗawa, masu rake da masu tsire da masu kunun zaƙi sun yi ciniki kamar ranar salla. Ranar gudun ba-da-sanda ihun 'yan kallo har cikin unguwannin Samaru ake jin sa. Amma abin da ya fi amfanata ya zo ne bayan baƙi sun watse. Da yake ba ni da kuɗin zuwa gari, yawancin yammacina a bakin fili nake yin sa, sai na saba da leburorin da suke kula da wurin, dattawa daga ƙauyukan kewaye. Su ne suke yanke ciyawa, su ja layi, su ɗinke raga, su cike rami kafin ya karya ƙafar wani. Akwai mai kula da sito, da babban littafinsa, ba ya ba da ƙwallo sai ka sa hannu, kuma in magariba ta yi sai ya ƙirga kayansa kafin ya kulle. A wurin waɗannan bayin Allah da ɗaliban sashen koyar da wasanni da kiwon lafiya na koyi yadda ake fitar da filin gudu da igiya da turke. Za ka kafa turaku biyu, tsakaninsu mita 84.39, ka ɗaura igiya mai tsawon mita 36.5 a kowanne ka zana rabin da'ira, ka haɗa bakunansu da miƙaƙƙun layuka biyu, ka sami zagayen mita 400. Faɗin layin kowane ɗan gudu mita 1.22 ne. Da wannan ilimi, da toka ko ƙonannen man mota, na fitar da filin gudu a makarantu uku. Babu hoton waɗannan dattawa a littafin tarihin kowace gasa, alhali kuwa su ne suka sa akwai abin da za a yi wa fenti in wata gasar ta zo.

Mutum na biyu da ya riƙe wurin shi ne mai horarwa. A nan dole a ambaci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya share shekaru da dama yana koyar da ƙwallon kwando a jami'ar, wanda 'yan wasa suke kira OBJ. A sanadinsa Zariya ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyin wannan wasa a Nijeriya. Filin ƙwallon kwando ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: daɓe ne mai tsawon mita 28 da faɗin 15, da zobe biyu masu tsayin mita 3.05 daga ƙasa. Abin da ya bambanta na Samaru shi ne ba a kore yaran gari daga bakinsa ba. Da la'asar sakaliya za ka ga yara daga Samaru da Hayin Dogo da Bomo, wasu da takalmi wasu da silifa, suna tsaye suna ɗauko wa manya ƙwallo in ta fita, in manya suka tafi hutu su faɗa ciki su yi nasu. Babba ya gyara wa yaro riƙo, yaron ya girma ya gyara wa na bayansa.

Cikin yaran Zariya da suka bi ta hannun OBJ akwai Masai Ujiri. An haife shi a Ingila a 1970, ya tashi a Zariya yana buga ƙwallon ƙafa kamar kowane yaro, sai da ya kai shekara 13 ya koma ƙwallon kwando. Ya tafi Amurka karatu, ya yi wasa a Turai, ya koma aikin farautar 'yan wasa. A 2010 ya zama babban manajan ƙungiyar Denver Nuggets, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyi na gasar NBA. A wannan shekara ya koma Toronto Raptors ta Kanada, ya jagorance ta har zuwa 2025, kuma a hannunsa ta ci kofin gasar a 2019, karo na farko da wata ƙungiya daga wajen Amurka ta yi haka. Tun 2003 ya kafa shirin Giants of Africa na horar da yara, kuma ya sha ambaton Zariya da malaminsa a bainar jama'a. Ya ku 'yan'uwa, ku lura, lokacin da yaron nan ya fara taka wannan daɓe, shekarunsa ba su kai na ɗalibin jami'a ba. Da an sami maigadi mai tsanani ya ce fili na masu katin shaida ne kawai, da wannan labari bai samu ba.

Akwai wani labarin da ya fi kusa da mu. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, an yi wani bikin wasanni na makarantun horon malamai a birnin Sakkwato. Wani dogon yaro ya zo daga wata makarantar Legas a matsayin ɗan ƙwallon hannu, sai aka roƙa a sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando. Yaron nan shi ne Hakeem Olajuwon, wanda ya ci kofin NBA da ƙungiyar Houston Rockets a 1994 da 1995. Gasar makarantu ce ta tono shi. Filin jami'a a kan filin sakandare yake tsaye, na sakandare kuma a kan na firamare da dandalin unguwa. In na ƙasa ya mutu, na sama zai zauna da kujeru da fitilu, babu mai shiga.

To a nan ne zancen ya dawo gida. A wata makaranta da na koyar, na tarar da fili mai kyau wanda magabata suka bari. Ina nan aka kawo aikin sabbin azuzuwa, ɗan kwangila ya duba bai ga wuri mai sauƙin haƙa kamar tsakiyar filin ƙwallo ba, aka dasa gini a nan, alhali ga sarari a bayan ofis. A wata kuma masu babura suka mayar da filin hanya, maƙwabta suka riƙa cin gefensa da garma damina bayan damina, ƙarafan raga kuma aka wayi gari 'yan jari-bola sun yi gaba da su. Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da rashin tsaro ya yi mana. Bayan sace 'yan mata 279 a Jangebe ranar 26 ga Fabrairu 2021, da abin da ya faru a Kaya ta ƙasar Maradun a watan Satumba na wannan shekara, gwamnati ta rufe makarantu na wani lokaci. Da aka dawo, abu na farko da ya faɗi daga jadawali shi ne wasan yamma, domin kowane uba yana son ɗansa ya shigo gida da sauran rana. Da can mukan ɗebi yara a mota mu kai su Ƙaura ko Shinkafi wasan sada zumunci, su dawo suna waƙa ko an ci su. Yau wane malami ne zai ɗauki wannan nauyi a kan waɗannan hanyoyi? Na koyar da yaran da suka shiga aji ɗaya suka fita aji shida ba su taɓa ganin gasar gidaje ba.

Ban ce fili zai kawo ƙarshen ta'addanci ba. Abin da na sani a matsayina na malami shi ne, yaro ɗan shekara 15 yana da ƙarfin da dole ya zubar da shi a wani wuri. A fili yana koyon bin doka, da haƙuri in alƙalin wasa ya yanke abin da bai so ba, da miƙa hannu ga wanda ya kayar da shi. A fili ne na ga ɗan Bahaushe da ɗan Bafillace suna rungumar juna don sun ci ƙwallo, a lokacin da iyayensu suke zargin juna a kasuwa. In muka rufe wannan ƙofa, akwai masu sayar da ƙwaya da masu neman 'yan aike a daji, su ba su rufe tasu.

Kada kuma wani ya ɗauka Bature ne ya koya mana fili. Kafin Hogben muna da dandali, muna da kokawa bayan kaka, da damben mahauta, da langa a farin wata. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauki nasu da daraja: tun 1975 suka soma gasar kokawa ta takobin ƙasa a Tawa, suka gina wa kokawa filaye a manyan biranensu, na Maraɗi kuma yana ɗauke da sunan Kantu, wanda ya fara cin takobin. A nan Nijeriya dambe da kokawa da langa sun shiga bikin wasanni na ƙasa. Makarantunmu na gaba da sakandare a Zamfara matasa ne: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda ta 1983 ce, Jami'ar Tarayya ta Gusau ta 2013, ta jiha da ke Talatar Mafara ta 2018. Suna da damar da Samaru ta samu a 1962, wato ƙasa. Shawarata gare su ita ce su shata filayensu tun yanzu su kafa musu iyaka, su ware gurbin kokawa da dambe kusa da na ƙwallo, su sa zauren mata cikin tsari, su ɗauki mai horarwa da lebura na dindindin kafin su nemi ɗan kwangilar rumfar 'yan kallo, sa'an nan in hali ya yi su bar yaran gari su shigo.

Saura mu marubuta. Wa ya san Shago yau in ba don Ɗan Anace ya yi masa waƙa ba? Makaɗa sun sauke nasu nauyin, sun adana sunayen 'yan dambe da 'yan kokawa a bakin jama'a. Mu masu alƙalami tun daga ƙarshen shekarun 1980 muka cika kasuwa da littattafai, amma nawa ne daga ciki suka leƙa filin wasa? Ga shi kuwa duk abin da mai ƙaga labari yake nema yana nan: kishi, da cin amana, da yaron talaka da ya yi gudu ba takalmi, da uban da ya hana, da gwiwar da ta karye ana saura kwana uku gasa. Mai son rubuta tarihi kuma aikinsa ya fi gaggawa. Waɗanda suka yi gudu a Zariya a 1972 yanzu sun haura shekara 70, suna nan a Kaduna da Kano da Gusau da Jos, da hotuna a cikin akwati da lambobin yabo da suka yi tsatsa. Shafukan baya na Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian suna jiran mai buɗawa a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da Gidan Arewa na Kaduna. Wanda ba zai iya zuwa can ba, ya fara da makarantar garinsu. Ya nemi tsohon malamin wasanni da tsohon lebura, ya tambaye su wa ya share filin, a wace shekara, ina iyakarsa ta asali take, wane yaro ne ya fi kowa gudu, ina yake yanzu. Irin wannan rubutu ko shafi biyar ne yana iya zama hujjar da za ta hana a yanka fili gobe. Ni dai na soma da na makarantar da nake, kuma ina fata a fitowar mujallar nan ta gaba in ga wani ya kawo na garinsu. Allah ya ba mu zaman lafiya, yaranmu su koma fili.